"Ba mu da hanya": uzurin da ya kamata mu daina fakewa da shi

'Yan uwana ɗaliban MAU, FCE da Poly, yau zan sosa mana inda yake ƙaiƙayi. Wanda zai ji haushi ya ji.

Duk majalisar da ka zauna, daga Sangere har Jimeta, zancen ɗaya ne: "Aiki ai sai mai uwa a gindin murhu." Ban musa ba, ana son kai a ƙasar nan. Amma tsakaninka da Allah, a shekara huɗu ko biyar da ka yi kana zarya zuwa lakca, mutum nawa ka sani da ke yin aikin da kake karantawa? Ban da malamanka fa. Da yawanmu ko ɗaya babu.

Kuma ba don babu su ba ne. A nan Wuro Hausa akwai reshen makarantar horar da lauyoyi ta ƙasa, ga kotuna da ƙofarsu take a buɗe, kowa na iya shiga ya zauna ya saurari shari'a. Mai karanta injiniya ko noma, ga hukumar raya kogin Binuwai ta sama a Yola, ga kamfanin sukari a Numan, ga Rico Gado masu abincin dabbobi. Mai son aikin jarida, ga Gotel, ga Fombina FM. Kuɗin mota ne kawai tsakaninmu da su.

Tun shekarun 1970 hukumar ITF ta ɓullo da SIWES don ɗalibi ya ga aiki da idonsa kafin ya gama. Mu kuma me muka mayar da shi? Wata shida na hutu. A nemo wani kawu ya buga hatimi a littafin, a kwana ɗaya a cika shi da ƙarya. Wanda ya je kullum, injiniyan wurin ya san sunansa da ƙwazonsa. Ranar da gurbi ya samu wa kake zaton za a tuna? Sai kuma mu ce ɗaurin gindi ne da shi.

Wasu za su ce ai wannan maula ce, ɗan mutunci ba ya bin ofis-ofis. Haba malam! Maula ita ce ka je ka ce "Ranka ya daɗe a taimaka mana." Neman sani daban. Ka yi sallama, ka faɗi sunanka da kwas ɗinka, ka roƙi minti goma. Ka tambaye shi yadda ya fara, abin da ake buƙata a aikin wanda ba a koyarwa a aji, da kuma wa ya kamata ka gani bayan shi. Kar ka roƙi kuɗi, kar ka roƙi aiki. Ka yi godiya, bayan wata guda ka sake gaishe shi. Wani zai kore ka, eh. Sai me? Gobe ka gwada wani.

'Yan uwa mata, tsoronku yana kan hanya, ba kowane babba ne mutumin kirki ba. Ku je ku biyu ko uku, a ofis, lokacin aiki. Ko ku nemi ƙungiyoyin mata irin su FIDA ta lauyoyi da APWEN ta injiniyoyi.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai, kuna tara mana kuɗin dina da rigar bankwana duk shekara. Gayyato tsofaffin ɗalibai uku su zauna da mu awa biyu, nawa zai ci? Ruwan Faro da kujeru ne fa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. In ka bari sai ka dawo daga bautar ƙasa sannan ka fara neman wanda ka sani, wallahi ka makara. Kafin wannan zangon ya ƙare, kowa ya nemi mutum ɗaya a fanninsa ya je ya gaishe shi. Ɗaya tak.