Ya Kamata A Tilasta Wa Ma'aikatan Jin Daɗin Jama'a Ƙaro Ilimi

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin jin daɗin jama'a na wata ƙaramar hukuma a ƙasar nan ya san irin matsalolin da ake kai wa ma'aikatan wurin. Wata matar za ta zo da ƙarar mijin da ya daina ciyar da yara, wani kuma ya kawo jaririn da aka tsinta a bakin kwata, can sai ga 'yan sanda da yaro ɗan shekara 13 da aka kama da sata, ba a san inda za a ajiye shi ba. Mutum ɗaya ne, ko biyu, ke zaune a bayan tebur, kuma shawarar da suka yanke a wannan rana tana iya sauya rayuwar yaro har ya tsufa. To abin tambaya a nan shi ne, yaushe rabon wannan ma'aikaci da ya zauna a aji ko na kwana ɗaya? Da yawansu tun da suka karɓi difloma ba su sake komawa ba.

Wannan aiki ba sabo ba ne a Nijeriya. Tun a shekarun 1940 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe sashen kula da jin daɗin jama'a a Ikko, saboda yaran da suka cika titunan birnin a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1943 aka kafa dokar yara da matasa. Ƙungiyar ma'aikatan wannan fanni ta ƙasa ta kafu a 1975. Amma sai a watan Disamba na 2022 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta kafa majalisar da za ta riƙa yi musu rajista da sa ido a kan aikinsu. Ke nan kusan shekara 80 aka yi ana wannan aiki ba tare da wata hukuma da doka ta ba ikon tambayar mai yin sa abin da ya sani ba.

A ganina, babban aikin da ya kamata wannan majalisa ta sa a gaba shi ne ta ɗaure sabunta lasisi da ƙaro ilimi. Dalilina kuwa a fili yake. Mu ɗauki wanda ya gama karatunsa a shekarar 2000, wanda mai yiwuwa yanzu shi ne shugaban ofis. Bayan fitowarsa aka kafa Dokar 'Yancin Yara ta 2003, wadda ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, ta kuma tanadi kotun iyali, da hanya ta daban ta bi da yaron da ya yi laifi. Jihar Legas ta yi tata a 2007, Kano kuma sai a 2023 ta samu dokar kare yara. A 2003 ɗin ne aka kafa hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP. A 2015 aka yi dokar hana cin zarafin mutane, wadda ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe har ya haɗa da wanda ake yi wa namiji, ta kuma ba kotu ikon bayar da umarnin kāriya ga wanda ake zalunta a gida. A farkon 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, a cikin shekarar kuma aka sauya dokar gidajen yari, aka shigo da hukuncin da ba na ɗauri ba, irin su aikin gayya ga al'umma da sakin mai laifi a ƙarƙashin sa ido. Sannan a Janairun 2023 dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Mai karatu ya lura, babu ɗaya daga cikin waɗannan dokoki da wancan shugaban ofis ya karanta a makaranta, alhali kowace daga cikinsu ta hannunsa za ta bi kafin ta isa ga talaka. Matar da miji ya kora da tsakar dare ba ta san akwai umarnin kāriya ba. Idan ma'aikacin da ta je wurinsa shi ma bai sani ba, abin da zai ce mata shi ne ta yi haƙuri ta koma, kuma da zuciya ɗaya zai faɗa, domin abin da aka koya masa ke nan. Haƙuri abu ne mai kyau, kuma sulhu ya gyara aure da yawa, amma akwai gidan da komawa cikinsa ke nufin makara.

Ba dokoki kaɗai suka sauya ba, matsalolin ma sun sake kama. Rikicin Boko Haram ya raba mutane fiye da miliyan biyu da gidajensu, wasunsu har Ikko da Ibadan da Benin suka kai. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa a wajajen 2018 mutane kimanin miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a ƙasar nan, kuma a wannan shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Yarinyar da ke shan tiramol a ɗakin uwarta, ko yaron da ya ga an yanka mahaifinsa a gabansa, ba a yi musu magana da ilimin da aka tanada don sasanta mata da miji.

Sauran masu sana'ar da ta shafi rayuwar mutane sun daɗe da gane haka. Likita a Nijeriya ba ya sabunta lasisinsa sai ya nuna shaidar kwasa-kwasan da ya halarta, haka ma nas-nas da ungozomomi. A Ingila, tun daga 2019 da sabuwar hukumar kula da ma'aikatan jin daɗin jama'a ta fara aiki, duk shekara sai ma'aikaci ya rubuta abin da ya koyo da yadda ya yi amfani da shi kafin a bar sunansa a rajista. Ban ga dalilin da zai sa a ɗauki kuskuren mai ba da allura da muhimmanci, a yi watsi da kuskuren wanda ke yanke shawarar gidan da maraya zai tashi ba.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa albashin ma'aikacin ƙaramar hukuma bai isa ya ci da iyalinsa ba, balle a ce ya biya kuɗin kwas da na mota da na masauki. Suna kuma tsoron kada abin ya zama wata sabuwar kafar tara kuɗi, inda za a riƙa sayen satifiket ba tare da an zauna a aji ba. Wannan tsoro yana da tushe, domin duk mun san yadda tarukan bita suke a ƙasar nan. A kama ɗaki a otel, a raba jaka da biro, a ci shinkafa, a sa hannu a karɓi alawus, a watse. Abin da ya fi ciwo ma shi ne, sau da yawa manyan da ke hedikwata ne ke zuwa, su ne jiya su ne yau, wanda kuwa ke fama da jama'a a ƙauye ko labarin taron ba ya ji.

Amsar wannan ita ce, wanda ya ɗauki ma'aikaci shi ne zai biya, ko gwamnati ce ko asibiti ko ƙungiya mai zaman kanta, kuma a sa shi a cikin kasafin kuɗi kamar yadda ake sa man mota. Sannan a daina ɗauka cewa ilimi sai a otel. Ma'aikata goma na ƙananan hukumomi maƙwabta za su iya haɗuwa sau ɗaya a wata a wani aji na makarantar firamare, kowa ya kawo matsalar da ta gagare shi, a tattauna a gaban wani da ya fi su ƙwarewa. Wata rana a gayyato alƙalin kotun iyali, wata rana likitan ƙwaƙwalwa. Jami'o'in da ke koyar da wannan fanni, irin su Nsukka da Ibadan, za su iya tsara gajerun darussa da za a riƙa aika wa mutum ta wayarsa, da 'yar jarrabawa a ƙarshe. Sharaɗi ɗaya da ba za a yi wasa da shi ba shi ne rufe asirin mutane: a kawo matsalar, a bar sunan mai ita da unguwarsa a ofis. Majalisa kuma ta amince da irin wannan zama a matsayin ƙaro ilimi, muddin akwai rajistar waɗanda suka halarta da taƙaitaccen bayanin abin da aka tattauna.

Akwai kuma batun harshe, wanda mu da ke zaune a Kudu muka fi gani. A Agege da Idi-Araba da Mil Sha Biyu, da Sabo ta Ibadan, akwai dubban Hausawa, kuma matan cikinsu da yawa ba su jin Yarbanci sosai, balle Turanci. Idan irin wannan mata ta je ofis, yawanci wani namiji daga unguwa ake nemowa ya yi tafinta, wani lokacin ma ɗan uwan wanda take ƙara ne. Me za ta iya faɗa a gabansa? Darasi a kan yadda ake zaɓen tafinta da yadda ake aiki da shi ya cancanci shiga cikin kwas ɗin kowane ma'aikaci a waɗannan garuruwa. Haka kuma a fassara muhimman sassan waɗancan dokoki zuwa Hausa mai sauƙi, a ajiye a ofisoshin, aikin da ɗaliban Hausa na aji uku da na huɗu za su iya yi a zango ɗaya idan malamansu da wani lauya suka duba musu.