Wayar ta manya ce, kallon na yara

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ba shanu da raƙuma kaɗai ake ciniki ba. A gefen kara akwai rumfunan caji, janareta na ruri, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta, ga masu tura fina-finai a gaban kwamfutocinsu. Magidanci ya sayar da akuyarsa, ya miƙa memori a cika masa da fassarar Indiya da waƙoƙi da wa'azi. Idan dare ya yi, ba a hannunsa wayar take kwana ba. Yara ne ke zagaye da ita, kai da kai, har sai caji ya ƙare.

Haka lamarin yake a mafi yawan gidajen Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ba kowane yaro ke da wayar kansa ba. Ta uwa ce, wadda ta miƙa masa don ya yi shiru ta samu ta sauke tuwo. Ko ta yaya ce, da ya bari a ɗaki ba kulle. Daga nan ya kamata a kama zancen.

Ƙasashe da dama sun ɗauki mataki da ƙarfin doka. Faransa ta hana ɗalibai amfani da waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare tun 2018. A 2021 Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasannin intanet zuwa awa 3 a mako. Ostareliya kuwa ta yi doka a 2024 wadda ta haramta wa 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a irin su TikTok da Facebook. Duk waɗannan dokoki an gina su ne a kan yaro mai wayarsa, mai shafi da sunansa. Yaron Maigatari da shafin babansa yake kallo, ko kuma abin da aka tura a memori, wanda ko data ba ya bukata. Babu kamfanin da zai gane cewa ɗan shekara 8 ne ke riƙe da wayar. Mai wayar ne kaɗai ya sani.

Ga ƙananan yara, ma'auni a fili yake. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, kuma daga shekara 2 zuwa 4 kada kallon ya wuce awa 1 a rana. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaro yana koyon magana ne idan ya yi gwaranci aka amsa masa, ya nuna abu aka faɗa masa sunansa. Waya kuwa surutunta kawai take yi, ba ta jiran amsar kowa.

Ga waɗanda suka tasa, barci ne ke fara tafiya. Yaron da zai yi sammakon makarantar allo, ya wuce boko, ya dawo ya tafi Islamiyya da la'asar, ba shi da wani lokacin kallo sai dare. Duk awar da ya ƙara a kan Labarina ko Izzar So, daga barcinsa ya cire ta, kuma malamin da ke kallonsa yana gyangyaɗi a aji ya san inda aka kwana. A gidan kallon ƙwallo kuma matsalar ta wuce barci, domin nan ne ɗan sakandare ke fara ganin manya suna buga caca ta waya.

Duk da haka, ƙwace waya a ɓoye ba magani ba ne. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Ɗalibin Gumel ko na Gagarawa da ke son shiga jami'a dole ya zauna gaban allon kwamfuta, lokaci na gudu. Abin takaici, yaron da ya ƙware wajen shafa TikTok da babban yatsa yana iya isa zauren jarrabawa bai taɓa danna madannai ba. An yi kallo mai yawa, koyo kaɗan. Alhali tun 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe Nigeria Learning Passport, inda ake samun darussan makaranta kyauta, a kan wayar nan da ake kallon fim.

Abin da ya rataya a kan iyaye ba ya bukatar ilimin boko. A sa wa waya kulle. A san abin da ke cikin memori kafin a miƙa ta. A yi kallo a tsakar gida, inda kowa ke ji, ba cikin bargo ba. Bayan sallar isha'i waya ta koma hannun mai ita. Mai karatu a gidan yana iya kunna Family Link, wanda ke ƙayyade lokaci a wayoyin Android. Uban da ke cin tuwo da hannu ɗaya yana duba WhatsApp da ɗayan kuwa, sai ya fara gyara nasa kafin ya ɗaga murya.

Sauran aikin na gari ne. Majalisar Masarautar Gumel, ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, tana iya zama da masu caji da masu tura fina-finai da masu gidajen kallo a yi yarjejeniya: ba a cika wa yaro memori sai da babba, kuma a sa lokacin da za a sallami yara da daddare. Limamai su taɓo batun a huɗuba. Ƙananan hukumomi huɗu na masarautar kuma su haɗa kai da Kwalejin Ilimi ta Gumel a riƙa koya wa ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare aiki da kwamfuta a lokacin hutu, kafin a buɗe rajistar JAMB mai zuwa.