Baƙin cikin da ke magana da Hausa

Duk wanda ya tsaya wurin masu tura fina-finai a waya, ko a kasuwar Dole ta Damagaram ko a garuruwan Hamdara da Mirya, ya ce yana son fim mai ban tausayi, abin da za a fara miƙa masa shi ne fassarar Indiya. A ciki akwai maraya, akwai azzalumin attajiri, akwai kiɗan da ke sanar da mai kallo lokacin da ya kamata ya fara kuka. Ba laifi ba ne a kalla, masu fassarar nan ma gwanayen harshe ne da suka cancanci nazari. Sai dai hawayen da kiɗa ya jawo ba ya kwana. Fim ɗin da ke bin mutum har shimfiɗarsa shi ne wanda baƙin cikinsa ya fito da irin maganar da aka saba ji a tsakar gida, kuma akwai irinsu, wasu ma a cikin garin nan aka ɗauke su.

Na farko shi ne L'Arbre sans fruit na Aïcha Macky, haifaffiyar Damagaram, wanda ya fito a 2016. Ba wasan kwaikwayo ba ne. Mace ce ta juya kyamara kan rayuwarta: ta yi aure, haihuwa ba ta zo ba, mahaifiyarta kuwa wurin haihuwa ta rasu. Ta zauna da mata irinta, suka faɗi abin da aka saba haɗiyewa, na gorin dangin miji, da barazanar kishiya, da yadda ake ɗora wa mace laifi tun kafin a binciki namiji. Ɗalibin harshe ya dakata a kan sunan fim ɗin. A Faransanci kwatanci ne, sai mai karatu ya ƙulla alaƙa da kansa tsakanin itace da mace. A Hausa kuwa harshen ya riga ya ƙulla, domin kalma ɗaya ce, ƴaƴa, ake faɗa wa abin da bishiya ke yi da abin da mace ke haifa. Idan Bahaushe ya ji an ce itacen da ba ya ƴaƴa, maganar ta soke shi tun bai gama jin ta ba. Haka kalmar juya: ƙamus zai ba da ma'anarta cikin layi guda, amma nauyin da take da shi a bakin uwar miji, sai wanda ya taɓa jin an jefi ƴar'uwarsa da ita. Rubutun fassara da ke gudana a ƙasan hoto ba ya ɗaukar wannan kaya.

Fim ɗinta na 2021, mai suna Zinder, ya fi wuyar kallo ga ɗan gari. Ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare tun zamanin da, ta bi samarin da suka tashi a can babu makaranta, babu aikin yi: masu ɗaga ƙarfe, da tsohon shugaban gungu da ya koma ɗan kabu-kabu yana fama da abin da hannunsa ya aikata, da masu fasa-ƙwaurin man fetur daga iyakar Nijeriya. Mai kishin gari na iya cewa an tona asirin Damagaram a gaban Turawa, tunda a ƙasar Suwizalan aka fara nuna shi. Ƙorafin yana da tushe, amma ya manta cewa asirin da kowane ɗan Birni da ɗan Zango ya sani ya kuma kau da kai, ba asiri ba ne, sakaci ne. Abin da ke karya zuciya a fim ɗin ba tabon wuƙa ba ne, yadda samarin ke magana a kan kansu ne. Gungunsu suna kiransa palais, kalmar Faransanci da ke nufin fada. Fada kuwa ita ce sunan da samarin Nijar suka ba majalisar shan shayinsu, kuma ita ce gidan Sarkin Damagaram. Yaran da gari ya tura bayansa sun ari sunan wuri mafi daraja a garin, suka sauya masa harshe, suka rataya wa rumfarsu. Wanda ya ji wannan bai ji komai a ransa ba, ya sake kallo.

Mai neman ƙagaggen labari ya nemi Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Fim ɗin ya ɓace wa masu kallo shekaru da dama, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta Nijeriya, aka gyara, aka nuna a Balin ta Jamus a 2018. Labarin yaro ne da aka sace, ya ƙetare Sahara a hannun wani Balarabe, ya zama babban malami. Amma zuciyar labarin mahaifiyarsa ce, wadda ta bar gida nemansa, ta faɗa bauta ita ma, ta same shi bayan ƙarfinta ya ƙare. Mutanen Damagaram ba baƙi ba ne ga wannan tarihi, domin ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Tarabulus a ƙarni na 19 a nan yake yada zango, da hajja da bayi. Hausar fim ɗin mai natsuwa ce, ta gaisuwa mai tsawo da magana a sannu. A al'adar da uwa ke kunyar ɗan fari har ba ta kama sunansa, ba a auna ƙauna da yawan furuci. Tafiyar da matar ta yi ita ce furucin. Yawancin fina-finan zamani sun yar da wannan ma'auni, shi ya sa uwa ke kururuwa minti biyar a gaban kyamara, mai kallo yana duba wayarsa.

Zin'naariyâ! na Rahmatou Keïta, na 2016, ya fi sauƙi a zuciya. Ƴar gidan sarauta ce ta dawo Damagaram daga karatu a Faransa tana jiran manemin da ya yi jinkiri, tana sauraron labaran aure da saki daga matan da ke kewaye da ita. Yana tafiya a hankali, wani zai ce ya cika ado, amma yadda Zabarmanci da Hausa da Fulatanci ke gamuwa a cikinsa abin lura ne. Sarraounia na Med Hondo kuwa, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, babban fim ne mai ɗauke da wani rashi. Daga littafin Abdoulaye Mamani aka ɗauko shi, a kan yaƙin Lugu na 1899 da rundunar Voulet da Chanoine, wadda ragowarta ta ci Damagaram a ƙarshen Yulin shekarar bayan karon Tirmini. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, saboda haka sarauniyar Aznan Lugu ba da Hausa take yi wa mayaƙanta jawabi ba.

Aikin da ya rage na ɗaliban sashen harshe ne. A ɗauki minti goma daga Zinder, a rubuta maganar kamar yadda ta fito daga baki, da karin Damagaram da aron Faransancinta, a jera ta gefe da gefe da fassarar da aka yi wa baƙi, a ƙirga abin da ya zube a tsakani. Sa'an nan ƙungiyar ɗalibai ta nemi izinin masu fina-finan, ta ɗauki majigi da farin ƙyalle zuwa Hamdara, inda masu kallo ba sa bukatar rubutun ƙasan hoto.