Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ma'aikatar Ilimi Ta Jihar Katsina

Mai girma Kwamishina,

Idan za a sayo wa makarantun Batsari da Safana majigi, don Allah a fara tambayar kuɗin ƙwansa. Ƙwai mai sinadarin makuri kan yi awa 2,000 zuwa 5,000 ne, sabo kuwa da dala ake shigo da shi, tsadarsa kaɗai ta isa a jefa na'urar a sito. Ga ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, ga ɗauke wuta kafin fanka ta sanyaya ƙwan.

Majigi mai LED kan kai awa 20,000. Ƙaramin aji ma, a ganina, faffaɗan talabijin da sola sun wadatar. Na'urorin majigin da ke hannu kuwa, a koya wa malamai rage haskensu da kakkaɓe matatar.

Wassalam,
Wani malami daga Safana