Filin Girki: Miyar Kirɓaɓɓen Nama Irin Ta Kyuba

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan matan Bilbis masu shirin ɗakin miji. Nama ya yi tsada, maigida ya miƙo rabin kilo, ga baki 6 suna jiran abincin dare. Kar ki ɗaure masa fuska, 'yar uwa. Ga dabarar matan ƙasar Kyuba, wadda suke kira fikadiyo.

Ki cire jijiya, ki daddatsa naman, ki kirɓa a turmi in babu inji. Ki soya albasa 2 da tafarnuwa da tattasai a man gyaɗa, ki zuba naman kina juyawa har jan ya ɓace. Sai tumatir 4 da gishiri, da soyayyen dankalin Turawa yanka ƙanana, shi ke sa miyar auki. Su can suna ƙara zaitun da zabibi, ɗan gishiri-gishiri ya haɗu da zaƙi. In kin samu mai zuwa Gusau ki ba da sautunsu, in babu attaruhu ya wadatar. Ki rage wuta, ki ba shi minti 20.

Ki zuba kan shinkafa da wake. Wallahi ba yaron da zai yi kukan ba a ba shi tsoka ba, don kowane cokali da namansa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.