Ina Za Mu Kai Hotunanmu A Wanke?

Wannan tambaya ta fi shafar malaman makaranta da akawunan ofis, domin a hannunsu hotunan jama'a su ke: na ɗaliban da za su zauna jarrabawa, na ginin sabon aji, na naɗin sarauta. Daga Gidan Goga ta ƙasar Maradun har Bakura da Talata Mafara, yau kusan kowa na ɗaukar hoto da wayarsa, amma kaɗan ne ke kula da inda za a wanke shi.

Sana'ar kuwa ta sake kama. A 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya ƙera kyamarar dijital ta farko. Wannan dabara ce ta karya kasuwar fim, har Kodak ya daina yin fim ɗin Kodachrome a 2009, kuma a 2012 ya kai kansa kotu a Amurka don bashi ya yi masa katutu. Gidajen wankin fim suka ragu, ƙananan injinan tawada suka cika kasuwanni. Arha ta samu, amma ba kowace arha ce riba ba.

A ƙasarmu abin ya wuce ado. Sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ruwa ya ci gonaki da ƙauyuka. Wanda ke riƙe da hoton ƙauyensa na dā, yana riƙe da abin da kuɗi ba ya saye. Har wa yau 'yan bindiga sun ta da ƙauyuka da yawa a Zamfara, kuma a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar, aka yi makonni ba a iya aika kome. Hoton da ke cikin waya kaɗai, ran da wayar ta ɓace ya tafi ke nan.

To, yaya za mu gane gidan wanki nagari? Mu fara tambayar irin wankin da ya ke yi. Akwai wankin magani a kan takardar hoto ta ainihi, akwai kuma na tawada. Tawadar ruwa mai arha ta kan koɗe da wuri in rana ta buge ta, alhali tawadar gari ta fi jimiri. Hoton baƙi da fari da aka wanke da azurfa, aka ɗauraye shi sosai, shi ne ya fi su duka tsawon rai.

Mai fim kuwa sai ya ƙara lura, domin fim sau ɗaya a ke wanke shi. Fim mai launi yana bukatar maganin ya tsaya a zafin digiri 38. Gidan da wuta ke ɗauke masa ba shi da janareta, ko ya ke tsufar da magani don tsimi, zai ɓata aikin da ba ya gyaruwa. Kada kuma a baro nagetif a can, shi ne uwar hoto.

Mai dijital ya kai hoton yadda kyamara ta ɗauke shi, a kati ko filashi, domin WhatsApp kan matse hoto ya rage masa kyau. Hoto mai inci 4 da 6 yana son ɗigo 1200 da 1800 kafin ya fito tas.

Shawararmu ga hedimastoci da akawuna ita ce, kafin a ba da aikin makaranta gaba ɗaya, ko a Talata Mafara, ko Gusau, ko Sakkwato, a gwada da hoto biyu ko uku, a duba ko fatar mutane ta fito da launinta, farar riga kuwa ba ta koma shuɗiya ba. In an karɓo, a rubuta suna da wuri da shekara a baya da fensir, a yi kofi biyu, a ajiye a wurare dabam, nesa da rana da laima da gara. Kuɗin jama'a ne, tarihin kuma na jikokinmu ne. Allah ya sa mu riƙe amana.