Hunturun ƙasashen waje da alawus ɗin ɗalibai da ba ya zuwa a kan kari

Yaron da ya tashi a Dareta ko Gummi ko Bukkuyum ya san hunturu: iska mai ƙura daga Disamba zuwa Fabrairu, kaushin ƙafa, fashewar leɓe, da jin ɗumi a bakin wuta da asuba. Amma kafin hantsi rana ta fito, an ajiye bargo an kama harka. Wannan sanin ba ya yi wa ɗalibi rana idan ya sauka a Mosko, inda ma'aunin zafi ke yin watanni a ƙasa da sifiri. A ƙarshen Disamba rana kan fito wajen ƙarfe 9 ta faɗi wajen ƙarfe 4, har Azahar da La'asar da Magariba su kusa haɗuwa cikin zaman aji biyu.

Sabawa da wannan yanayi ana yawan ɗaukarsa a matsayin jarrabawar juriya. Gaskiyar magana, yawancinsa lissafin kuɗi ne. Akwai rigar sanyi mai kauri, da takalmin da ƙanƙara ba ta ratsawa, da safar hannu, da abinci mai riƙe ciki. Akwai kuma sinadarin bitamin D, wanda masu baƙar fata suka fi fuskantar ƙarancinsa inda hasken rana ya yi ƙaranci. Duk sai an saya, kuma kafin Nuwamba.

Gwamnatin Tarayya ta san da haka. A shirinta na BEA, wanda ya riƙa tura ɗalibai Rasha da Hungary da Maroko da Aljeriya da China bisa yarjejeniya da ƙasashen, har da kuɗin kayan sanyi aka ware, Dala 250 a shekara, ban da Dala 500 na kowane wata. Ƙasar da ta karɓi ɗalibi ita ke ɗaukar nauyin karatu, Najeriya kuma ta riƙe cikinsa. Bayan sakin darajar Naira a Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, sai alawus ya fara maƙalewa na tsawon watanni. A 2024 aka zaftare na wata-wata zuwa Dala 220. A Afrilun 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke shirin, tare da alƙawarin ci gaba da ɗaukar nauyin waɗanda ke can har su kammala.

Hujjar ministan tana da ƙarfi: babu dalilin kashe Dala a kan kwas ɗin da ake koyarwa a Zariya ko Sakkwato. Sai dai hujjar ta shafi waɗanda ba a tura ba tukuna. Wanda ke can, kuɗin da aka biya shi a Maris ba zai saya masa rigar da ya buƙata a Janairu ba. Duk ma'aikacin da ya taɓa jiran albashi ana gobe Sallah ya san bambancin a biya da a biya a kan lokaci.

Zamfara ma ta ɗanɗana nata. Ɗaliban da gwamnatin Bello Matawalle ta tura Jami'ar Cyprus International da ke arewacin tsibirin Cyprus sun shiga labarai a ƙarshen 2024, lokacin da rahotanni suka ce fiye da 80 daga cikinsu sun maƙale saboda bashin kuɗin makaranta, wasu sun rasa masauki, wasu sun koma aikin ƙarfi. Gwamnatin Dauda Lawal ta ce gadon matsalar ta yi, kuma a lokacin an sami saɓani tsakaninta da jami'ar kan adadin bashin. Sanyin Cyprus bai kai na Rasha ba, amma a can hunturu ne lokacin ruwan sama, gidaje da yawa ba a gina su da tsarin ɗumama ɗaki ba, sai na'urar lantarki mai cinye kuɗin wuta. Ga wanda aka fitar daga ɗakin kwana, wannan kaɗai ya ishe shi.

Abin da ake asara ya wuce jin daɗin ɗalibi. Dareta na cikin ƙauyukan da gubar dalma ta afka wa a 2010, annobar da ta kashe yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum, kuma likitocin ƙungiyar MSF ne suka ɗauki babban nauyin jinyar. Irin wannan giɓi ne gwamnoni ke kafa hujja da shi idan za su tura yara waje. Ɗalibin da yunwa da sanyi suka kora daga aji zuwa wurin leburanci, ko dai ya dawo ba takarda, ko ya gama ya ƙi dawowa.

Hukumomin bayar da tallafin karatu na iya ajiye kuɗin shekara guda a asusu na musamman kafin ɗalibi ya hau jirgi, su kuma sa biyan kuɗin kayan sanyi a Satumba. Mahaifin da ke shirin tura ɗansa da aljihunsa kuwa, ya nemi jami'ar ta rubuta masa ko kuɗin ɗaki ya haɗa da na ɗumama shi.